Maɓallin Ferhunde

Ƙarfe biyun dare a Izmir.
Jirgin ruwan ƙarshe ya daɗe da tsallakawa Karshiyaka,
ni kaɗai a ɗakin ƙasa na asibiti,
ga shayi ya huce a ɗan siririn kofi,
ga kwamfuta ɗari uku da goma sha bakwai
suna gyangyaɗi a benaye shida bisa kaina.

Sabuwar manhajar magunguna za ta sauka kafin asuba.
Ita ba ta ba ni tsoro. Rajista ce ke hana ni ƙifta ido,
kundin da na'ura ke ɓoye halinta a ciki,
reshe cikin reshe, kamar saiwar tsohon zaitun,
kowane maɓalli da ƙimarsa ɗaure a ƙugu.
Sifili, ƙofa a rufe.
Ɗaya, ƙofa a buɗe.
Tsakaninsu babu wurin "ka yi haƙuri."

Maigidana Rushtu, kafin ya ajiye aiki
ya koma noman ɓaure a Aydin,
ya ce, "Tunjay, kada ka taɓa reshe sai ka kwafe shi.
Ba a fafe gora ranar tafiya."
Na kwafe. Na sa kwanan wata a kan fayil.
Na gwada a uku, suka amsa.
Na gwada a talatin, ba wadda ta yi tari.
Sai na saki umarni ga sauran duka,
ƙima tara, hannu ɗaya,
kamar tela ya yanka wa gari riga da awo guda.

Allo ya yi kore layi bayan layi.
Na kifa kai a tebur.

Bakwai da kwata waya ta tashe ni.
Ferhunde ce, ta ɗakin magani, hawa na biyu,
shekara talatin tana ƙirga ƙwayoyi a wannan taga.
"Ɗana, wa ya ƙanƙance mini rubutu?
Biyar da shida sun zama tagwaye.
Ga uwa tsaye da takardar jaririnta,
ni kuwa ba na ba da magani da ka."

Na ce, "Ai duk ɗaya na yi musu."
Ta ce, "To, shi ne."

Na buɗe kwafin jiya, na jera shi da na yau,
ina bin layi da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Can ƙasa, a reshen girman haruffa,
inda kowa ke da ɗari, tata ɗari da hamsin ce,
ni na murƙushe ta cikin dare ban sani ba.
Kusa da ita ga wani maɓalli da ba ya buɗe komai,
ba ya rufe komai,
suna ne kawai Rushtu ya bari shekara goma sha ɗaya:
"Don idon Ferhunde. Kada a taɓa."

Ba ya cikin takardun da aka miƙa mini.
Ba ya cikin jadawalin kowa.

Na mayar da ɗari da hamsin mazauninta,
na cire kwamfutarta daga garke,
na rubuta mata ƙa'ida tata ita kaɗai,
na ƙara sunana a ƙarƙashin nasa.
Ta waya na ji firinta ta yi gyaran murya,
Ferhunde ta ce, "Yauwa, shida ce,"
ta kashe ba sallama.

A jirgin ƙarfe tara na sayi burodi mai riɗi,
tsuntsayen teku suka cinye rabi a hannuna.
Ina kallon asibitin yana ƙanƙancewa a bayan ruwa,
ina lissafi:
saura ɗari uku da goma sha shida,
kuma ba kowa ne ke ɗaga waya ba.